Tsohuwar Bas ɗin da Na Mayar wa Iyalina Gida

Shekaru sun ja, kuma ban ƙara yarda da ƙwaƙwalwata kamar da ba. Mai yiwuwa a cikin abin da zan faɗa in sa na gaba a baya, ko in ɗora wa wani maganar da wani ne ya yi ta. Ko shekarar ma ban riƙe ta daidai ba. Na dai san lokacin da kuɗin man fetur ya fara shigowa ne, gwamnati tana ta buɗe makarantun firamare ƙauye-ƙauye. Amma abin da ya faru a cikin tsohuwar bas ɗin da na mayar wa iyalina gida, a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suke wurin za su gane kansu.

Ban daɗe da gama jami'a ba aka turo ni ƙasarmu ta Kazaure in riƙa zagayawa ina duba sababbin makarantun nan. An ce za a gina mini gida a ƙauyen da aka ajiye ni. Ɗan kwangila ya zo ya haƙa harsashi, ya jera bulo layi uku, siminti ya yi wuya, ya tafi bai dawo ba. Mai gari, Allah ya jiƙansa, ya ba ni wani ɗakin ƙasa a bayan gidansa. Daminar farko bangon gabas ya tsage, wata safiya ina makaranta ya rufta a kan gadona. Tun daga ranar na ji ba zan iya kawo matata ƙarƙashin ginin ƙasa ba. Ita kuwa tana Kazaure wajen Goggo, ƙanwar mahaifina wadda ta riƙe ni tun ina ƙarami, ga shi bayan daminar ta samu cikin fari. So nake ta dawo kusa da ni kafin ta haihu, a wurin da na tabbata ba abin da zai faɗo mata. Gara mai karatu ya san halina tun yanzu: ni mutum ne mai yawan fargaba. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa kwaɗon sau biyu, wani lokaci sau uku.

Ginin siminti ya fi ƙarfin albashina. Ina cikin wannan tunani wata rana na kai babur ɗina gyara a wani gareji a Kazaure, sai idona ya faɗa kan wata doguwar bas a bayan rumfa, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Sababbin motoci sun shigo, an yar da ita. Mai garejin Kirista ne daga kudu, ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa, kowa Oga yake ce masa. Ya ga ina zagaya motar ina ƙwanƙwasa jikinta.

Ya ce, "Malam, ba inji, ba gilashi, tayoyin baya sun tafi. Kaji za ka zuba?"

Na ce, "Ina tunani ne dai, ko za ta zaunu."

"Ta zaunu? Shekara da shekaru mutane suna zama a cikinta. Kwana ne ban taɓa ji ba."

Da na yi masa bayani sai ya daina dariya. Ya shiga ya yi tsalle a kan daɓen katakon, ya leƙa rufin, ya ce ƙarfen da sauransa, zai fi ni daɗewa a duniya. Ya sallama mini ita a kan ɗan abin da nake da shi, ya ara mini tsofaffin tayoyi. Motar gyaɗa ce ta ja ta har inda hanya ta ƙare. Daga nan wani Bafulatani maƙwabcin makarantar ya ɗaura mata shanun noma huɗu. Haka muka shiga gari, ni ina riƙe da sitiyari, shanu suna ja, mutane sun fito ƙofar gida suna kallo. Wani dattijo ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, in Kano za ka, a rage mana hanya!"

Rani guda na yi ina aikinta, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin nan fiye da duk wani aiki da na taɓa yi. Muka ɗora ta a kan duwatsu muka mayar wa Oga tayoyinsa. Na kwance kujerun, na bar biyu don baƙi, sauran mai walda ya haɗa mini gado da ƙarafansu. Na bi masu shaguna ina karɓar akwatunan ganyen shayi, da falankinsu na raba motar uku: ɗakin kwana a baya, wurin zama a tsakiya, gaban direba kuma na jera littattafaina. Saboda zafin rana aka kafa mini rumfar ciyawa a saman rufin, aka bar tazara iska tana ratsawa. Madafi da banɗaki a waje, aka kewaye duka da dangar kara. Wata Lahadi Oga ya zo da kansa bayan ya taso daga coci, ya toshe tagogin da ba gilashi da garewanin kananzir da muka buɗe muka daddale, ya bar guda huɗu, biyu kowane gefe, ya sa musu raga saboda sauro.

Ya ce, "Waɗannan ka bar su haka. Mota ma numfashi take yi."

Ranar da matata ta tare, ta tsaya a bakin danga ta daɗe tana kallo. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta kama ƙarfen ƙofa ta hau matakalar da ƙyar saboda cikin, ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, ina kwandasta? Ni fa ban biya kuɗin mota ba." Kafin sati ta jera kwanukanta a kan kantar da ake ɗora kayan fasinja, ta rataya labule, ta shimfiɗa tabarmi. Matan gari suna zuwa kallo, tana zagayawa da su tana cewa ɗakinta ya fi na matar hakimi tagogi.

Ruwan farko ne ya tayar mini da tsohon ciwona. Iska ta koro feshi ta cikin ragar, katifa ta jiƙe, matata ta kwana biyu tana tari. Ba a yi sati ba kuma, da safe na je ɗauko littafi a gaban direba, na tarar da kububuwa ta naɗe a ƙarƙashin sitiyari. Ta ramin da birki yake a da ta shigo. An kashe ta, amma ni ban sake samun natsuwa ba. Na roƙi leburorin hanya suka ba ni kwalta a gwangwani. Na bi motar nan kusurwa-kusurwa, duk inda na ga haske na liƙe. Na yanka tsohon tiyub na manna a gefen ƙofa yadda in an rufe za ta kama gam, na sa mata sakata ta ciki. Tagogi huɗun da Oga ya ce in bari, su ma na rufe su da kwano na bi bakinsu da kwalta, da niyyar in damina ta wuce in buɗe. Da na gama na rufe ƙofa, na ƙyasta ashana, na riƙa bin bango da ita ina duba ko harshen wutar zai kaɗa. Bai kaɗa ba ko a wuri ɗaya. Na fito ina jin na yi abin da ya kamata maigida ya yi.

A al'ada haihuwar fari gidan iyaye ake zuwa. To mahaifiyarta ta rasu, gidansu kuma yana can Babura, ga hanya ta lalace da ruwa. Na ji tsoron hanyar, na ce ta zauna. Aka aika wa Goggo, ta iso da ƙullin kayanta da kanwa da tukunyar wanka, kwana uku kafin haihuwar. Allah ya sauke ta lafiya a hannun ungozomar garin, aka samu 'ya mace. Ban san yadda zan kwatanta yarinyar nan ba. Tana da gashi mai yawa, kuma in tana barci takan dunƙule hannu ɗaya ta sa a ƙarƙashin haɓa kamar mai tunanin wani abu.

Goggo ba ta yarda da gidan ba tun daga ranar farko. Ta dafa bangon da tafin hannu ta ce, "Ɗan nan, ƙarfe ne fa. Ƙarfe sanyi yake sha. A nan za a yi jego?"

Ga wanda bai sani ba, a wajenmu a wancan zamani ba abin da ake tsorar wa mai jego kamar sanyi. In ya shige ta, an ce, ta gamu da ciwon da ba ya fita. Shi ya sa ake mata wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, ta sha kunun kanwa, sannan ta kwanta a gadon ƙasa wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa ya gasa ta. Goggo ta so a gina irin gadon nan a cikin motar, aka ga daɓen katako ne, ba zai yiwu ba. Sai ta yi dabara. Ta zuba yashi a faranti, ta ɗora kasko a kai, ta cika shi da garwashin gawayi, ta tura ƙarƙashin gadon ƙarfen. Abin da ta saba yi ke nan duk rayuwarta, a ɗakunan da iska take shiga ta jinka, ta ƙarƙashin asabari, ta ko'ina. Ba ta taɓa yin sa a ɗakin da aka bi da kwalta ba, don ba a taɓa yin irin ɗakin ba sai ni.

Nan ne inda alƙalamina yake nauyi. Na sani. An koya mana tun a sakandare cewa gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska marar wari, marar launi, mai kwantar da mutum barcin da ba ya tashi. Na amsa tambaya a kanta a jarrabawa. Ranar da na ga kaskon nan na tuna da ita. Amma kwanakin farko ƙofa a buɗe take wuni saboda 'yan barka, da dare kuma garwashin ya riga ya mutu, sai na ce wa kaina wataƙila ba komai. Aka yi suna, baƙi suka watse, sai marka ta sauka, ruwa ba dare ba rana. Ƙofa ta fara daɗewa a rufe. Matata ta fara cewa kanta yana sarawa, in ta miƙe jiri yana ɗibarta. Yarinyar da take farkawa da kuka ta koma yawan barci, sai an tashe ta take kama nono.

Na samu Goggo a madafi tana fifita wuta. Na durƙusa kamar yadda na saba tun ina yaro.

Na ce, "Goggo, ina ganin kamar, wataƙila, gawayin nan ne yake sa mata ciwon kai. Ko da za a ɗan rage?"

Ba ta ko ɗago ba. "Sanyi ne. Ƙari ma take so."

"Na ce ko hayaƙin..."

"Wane hayaƙi? Sai ya ci ya yi ja nake shigar da shi. Ka ga hayaƙi a ɗakin? Ka ji wari?"

"A'a, ban ji ba. Sai dai an ce wani lokaci ko ba a ji ba, yana iya yiwuwa..."

Ta ajiye maficin ta dube ni. "Malam Wataƙila. Uwarka da ta haife ka, wa ya gasa ta? Ni ce. Ga ka nan har ka yi jami'a. Abin mata ne wannan, tashi ka tafi wajen makarantunka."

Ta faɗa da wasa ne, har tana murmushi. Ni ma na yi murmushi, na ce Allah ya huci zuciyarta, na tashi. Matar da ta goya ni, ban taɓa ce mata a'a ba, ban san ma yadda ake farawa ba. Na ƙudurta a raina in bi ta bayan gida: ranar Asabar in ɗauko Oga ya buɗe tagogin nan, in ce gyara ake yi, ba wanda ransa zai ɓaci. Ranar Talata ce, in ban yi kuskure ba. Ko ni da kaina, da guduma da kurfi, rabin awa ya ishe ni in ɓalle kwanon. Na ji tsoron feshi ya sake shigowa a ce ni na sa wa mai jego sanyi.

Ranar Alhamis aka kira mu taro a ofis a Kazaure. Na fita da sassafe ana yayyafi, yarinyar tana da kwana goma sha ɗaya. Kafin a tashi daga taron hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, iska ta taso mai sanyi. Na biya garejin in yi wa Oga maganar Asabar. Yana kwance ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai nake gani. Na fara zagaye-zagayena, cewa na ɗan rufe tagogin nan, kuma Goggo tana ɗan sa garwashi, ko yana ganin da matsala.

Ya turo kansa waje. "Duka huɗun ka rufe?"

"Na wucin gadi ne."

"Gawayi yana ciki yanzu? Da jaririya?"

"Ina jin dai ƙofa a buɗe take, sai dai in ruwa ya..."

Ya miƙe tsaye, sifana a hannunsa, ya daka mini tsawar da ba wanda ya taɓa yi mini irinta. "Malam, kai wane irin mai ilimi ne? Dubi sama! Hau babur ɗinka! Yanzu!"

Ban san yadda na yi tafiyar nan ba. Ruwa ya kece tun ban fita gari ba, yana dukan fuskata har ba na ganin gabana. Na faɗi sau biyu a cikin taɓo. Da na iso rafin da ke gaban ƙauyen na tarar ya kawo, na jingine babur ɗin a gindin wata bishiya na faɗa ruwan, ya kai mini ƙirji. Sauran tafiyar da gudu na yi ta, takalmi ɗaya a ƙafa. Ina jin an yi azahar ko ana shirin yi lokacin da na shiga dangar.

Ƙofar motar a rufe. Na tura, sakata tana ciki. Na buga, na kira Goggo, na kira matata. Ba abin da nake ji sai ruwa a kan rumfa. Na zagaya ina neman inda zan leƙa, babu, ni da hannuna na toshe ko'ina. Na ɗauko taɓarya a madafi na shiga dukan ƙofar ina ihu. Bafulatanin nan mai shanu ya ji, ya zo da gatari, shi ya sare wajen sakatar. Da ƙofar ta buɗe wani ɗumi ya bugo mu, mai daɗi ma, irin na ɗakin da aka gyara wa baƙo. Komai yana nan a kintse. Goggo tana zaune a kan tabarma ta jingina da bango, carbi a hannunta, kanta ya langaɓe. Matata tana kan gado ta juya wa ƙofa baya, yarinyar a jikinta. Kaskon yana ƙarƙashinsu, garwashin ya yi ja, ko alamar hayaƙi babu.

Muka fito da su cikin ruwan saman muka shimfiɗe a ƙasa. Mata suka taru ana salati. Goggo ce ta fara motsi, ta yi amai, ta buɗe ido ba ta san inda take ba. Matata tana numfashi sama-sama amma ba ta farka ba. Yarinyar kuwa, ungozoma ta karɓe ta, ta kara kunne a ƙirjinta, ta hura mata baki, ta jijjiga ta, ta sake hurawa. Ta daɗe tana yi. Daga baya ta ja zanen ta rufe mata fuska. Abin da ya fi tsaya mini shi ne jikinta bai canza ba. Leɓunanta jajaye, kyakkyawa, kamar yanzu za ta buɗe ido.

A amalanken shanu aka kai matata da Goggo ɗakin shan magani na garin da ke kusa. Malamin asibitin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya sa aka buɗe tagogi duka, ya ce a bar su su sha iska. Na bar su a hannunsa na dawo aka yi wa yarinyar sutura bayan la'asar. Kabarin ɗan ƙarami ne, ruwa yana ta cika shi ana kwalfewa da ƙwarya. Da na koma wajen matata washegari da safe ta farfaɗo. Ta dube ni ta ce, "Malam, miƙo mini ita, nonon ya cika yana mini ciwo." Na durƙusa a bakin gadon na riƙe hannunta, a fuskata ta ga amsar.

A kwanakin zaman makoki wata magana ta bazu a garin. Aka ce motar ta taɓa yin hatsari a hanyar Daura mutane suka mutu a ciki, masu ita ne ba sa son a zauna musu. Wasu suka ce kububuwar da aka kashe ba maciji ba ce. Ban san wanda ya fara ba, kuma ba na zargin kowa. Mutane suna neman abin da za su riƙe ne. Masu ta'aziyya suna faɗa a gabana, ni kuwa ina sunkuyar da kai ina cewa Allah ne masani. Zan faɗi gaskiya, maganar ta yi mini daɗi. Ta ɗauke laifin daga kaina, ta ɗauke daga kan Goggo, ta ɗora wa waɗanda ba za su zo su musa ba.

Ranar da aka share makoki Goggo ta aiko a kira ni. Tana ɗakin matar mai gari, inda aka sauke su, don ba wadda ta sake taka motar. Ta rame, muryarta ta dushe. Na durƙusa a bakin ƙofa.

Ta ce, "Matso. Ana ta cewa iskokai ne. Ni na rufe ƙofar nan da hannuna saboda feshi, na ƙara gawayi saboda na ji garin ya yi sanyi. Daga nan ban san komai ba. Ɗan nan, kai ka yi karatu. Mene ne ya kashe yarinyar nan?"

Bakina ya fara ɗauko abin da ya saba. Na ji "wataƙila" tana zuwa, na haɗiye ta. Na ce, "Gawayin ne, Goggo. In yana ci a ɗakin da iska ba ta shiga, kisa yake yi, ko ba hayaƙi. Ni kuma na toshe ɗakin."

Ta ce, "Yaushe ka san haka?"

"Tun ina makaranta."

"Ranar da ka same ni a madafi, ka sani?"

"Na sani."

"Sani na sosai, ko zato?"

"Na sosai."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "To me ya hana ka ce mini, Goggo, wannan abin zai kashe su? Ka zo kana ina gani, kana ko da za a rage. Na zaci irin tsoronka ne na kullum, na kwaɗo da ƙofa. Wallahi da ka ce mini kisa yake yi, da na yi maka faɗa, da na kwana uku ban amsa gaisuwarka ba, amma da na fitar da kaskon. Ni mahaukaciya ce? Jikata ce fa." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ka ji kunyata, ka bar ni na kashe ta da hannuna."

Goggo ta koma Kazaure bayan kwana biyu. Ta rayu shekaru bayan haka, kuma ba ta sake tayar mini da maganar ba, amma ba ta ƙara karɓar wankan jegon kowa ba, ko na 'ya'yan cikinta. Matata ta warke, sai dai ciwon kai da mantuwa sun daɗe suna damunta. Na gaya mata abin da na gaya wa Goggo, ba ragi. Ta yi wata biyu a Babura wajen yayarta, ban aika a dawo da ita ba don ban ga da wane baki zan aika ba. Da kanta ta dawo. Allah ya ba mu wasu 'ya'yan daga baya, amma har yau in ana lissafa su takan fara da wadda ba ta nan. Ranar Juma'ar da ta biyo bayan share makokin na roƙi liman ya ba ni dama bayan salla, na tsaya na faɗa wa mutanen garin cewa ba iskokai ba ne, gawayi ne da rufaffen ɗaki, kuma ni na rufe. Wasu sun yarda, wasu ba su yarda ba. Motar kuwa na bar wa maƙeran garin, suka yanyanka ta suka yi fartanya da kwasa.

Abin da na koya ban koye shi da sauƙi ba. Ladabi ga manya abu ne mai kyau, har gobe ina durƙusa wa na gaba da ni. Amma in ka san abu zai yi kisa, ladabin shi ne ka faɗe shi ƙarara yadda tsohuwa za ta gane ba tsoronka ne yake magana ba, sannan ka durƙusa ka ba da haƙuri in ta yi fushi. Fushin kwana uku ne. Na kuma gane cewa mai yawan tsoro ba lallai ne ya zama mai kiyayewa ba. Na ji tsoron bango, na ji tsoron feshi da maciji da hanya da ɓacin ran Goggo, duk na yi musu magani, abin da na san tabbas yana kisa kuwa na ɗaga shi zuwa Asabar.

Akwai wuraren da har yanzu nake kokwanto. Ban tabbata ko ni na ɗauko yarinyar daga kan gadon ba ko wata maƙwabciya ce ta karɓe ta ta ƙofa. Ban tabbata ko ranar Alhamis ce ko Laraba ba, kuma mai yiwuwa na rage wa wasu alherin da suka yi mana a ranar. Duk wanda yake wurin, ko ya ji daga bakin wanda yake wurin, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara ta hannun masu wannan shafi, zan karɓa da godiya. Abu ɗaya ne kawai ba na neman gyara a kansa. Na sani, kuma ban faɗa yadda za a ji ba.